Hannun ɗan mutane

Shekara tara na yi ina babban kocin ƙwallon besbol a wata ƙaramar kwaleji da ke tsakiyar Amurka, kuma idan aka tara wasannin da na jagoranta, waɗanda muka ci sun fi waɗanda aka ci mu yawa. Na faɗi wannan tun farko ne don kada a ɗauka labarin wanda bai iya aikinsa ba ne. Na iya aikin, kuma iyawar ce ta sa ba ni da mafaka. Akwai ɗan mutane da na lalata wa hannu da rana tsaka, idona biyu, sannan na shekara biyu da rabi ina ba da labarin ta hanyar da za ta wanke ni. Yau zan ba da shi yadda ya faru.

A Samaru ta Zariya aka haife ni, shekarar 1976. Baba malamin aikin gona ne. Tun shekarun 1960 akwai tsohuwar alaƙa tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kansas, domin malaman can sun taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi, saboda haka malamanmu da yawa can suke zuwa ƙaro ilimi. Haka Baba ya kwashe mu a 1983 muka sauka a wani gari mai suna Manhatan. Ba Manhatan ta dogayen benaye ba, wannan ƙaramin gari ne na ɗalibai, gonaki da makiyaya sun kewaye shi ta ko'ina. Inna ta kafa doka tun ranar farko: Turancinmu ya tsaya a bakin ƙofa tare da takalmanmu. Da garin masarar kanti take tuƙa tuwo, kuka da daddawa kuwa sai an sami mai zuwa daga gida. Dokar nan tata ce ta sa yau nake iya rubuta muku wannan da Hausa.

Ɗan maƙwabcinmu ne ya fara ba ni aron safar hannun cafe ƙwallo, wata tsohuwa da fatarta ta yi laushi kamar tsohon takalmi. Ban san dokar wasan ba, ban ma iya yarensu sosai ba, amma na lura duk ranar da na fito da safar nan ba wanda yake tambayata daga ina nake. Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya wurgo ƙwallo daga nisan mita 18 da 'yan kai. Mai bugu yana jiransa da sanda. In ya buga, sai ya ruga ya taka tashoshi uku ya dawo gida, wannan maki ɗaya ke nan. Zagaye tara ake yi, kowane zagaye sai an fitar da mutum uku daga kowane ɓangare. Ni mai cafewa ne, wanda yake tsugune a bayan mai bugu sanye da sulke. Shi kaɗai ne yake fuskantar filin gaba ɗaya, shi yake nuna wa mai jifa irin jifan da zai yi da yatsunsa, kuma shi yake fara sanin mai jifa ya gaji tun kafin shi kansa ya sani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1985 ƙungiyar Kansas City Royals ta ci kofin ƙasa a wasa na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe, ta lallasa St. Louis Cardinals 11 da nema, wani matashi ɗan shekara 21, Bret Saberhagen, ya yi jifa daga farko har ƙarshe. Ina ɗan shekara tara a gaban talabijin ɗin maƙwabta. Daga daren nan aka gama da ni. Shekara huɗu bayan haka Jami'ar Wichita, a jiharmu, ta ci kofin jami'o'i a Omaha, birnin da ake buga wasannin ƙarshe na gasar, sai na gane ashe akwai manyan mutane da sana'arsu ita ce koyar da wannan wasa, har a biya su.

Ni ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wannan". Da iyalin suka tashi komawa gida a 1994, na ce zan tsaya, wata kwaleji ta ba ni gurbi saboda wasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai wannan, na tsallako teku da kai don ka zama likita ko injiniya, ka ce mini za ka tsuguna kana cafe ƙwallo?" Bai hana ni ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙashin kifi, kuma duk wata nasara da na nema daga baya, in na bincika da kyau, amsar maganar nan nake nema.

Na yi wasa shekara huɗu, ba ƙungiyar ƙwararru da ta ko waiwaye ni. Hannuna yana da kyau, sandata ba ta da ƙarfi, shi ke nan. Sai na shiga koyarwa ta ƙofar da kowa yake shiga, ƙofar aikin sa kai. A wancan lokacin dokar manyan jami'o'i ta yarda babban koci ya riƙe mataimaka biyu masu albashi, na uku kuwa ba a biyansa ko sisi, kuma sai a 2023 aka soke wannan tsari. Shekara uku na yi a haka. Da asuba in share fili in ja layin farar ƙasa, da rana in wurga wa masu bugu ƙwallo har kafaɗata ta mutu, da dare in jera kaya a kanti. Abin da nake samu daga sansanin horar da yara lokacin hutun bazara shi nake ja har shekara ta zagayo. A 2004 na je gida aka ɗaura mini aure da 'yar unguwarmu, na kawo ta ɗaki ɗaya a ƙasan gidan wani tsoho. Ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah ya saka mata.

A 2010 aka ba ni babban koci a kwalejin shekara biyu, ina ɗan shekara 34. Sunan ne babba. Ni nake yankan ciyawa, ni nake tuƙa bas awa biyar zuwa wasa, ni nake bin 'yan kasuwar gari ina roƙon kuɗin riguna, kuma ina da aji biyu na motsa jiki da nake koyarwa. A watan Fabrairu muke fara wasa, iska tana yanka fuska fiye da hunturun Zariya sau goma, 'yan kallo ba su wuce iyaye ashirin lulluɓe da barguna ba. Amma ina son aikin kamar raina. Irin wannan kwaleji ita ce matattarar yaran da manyan jami'o'i suka tsallake: 'ya'yan talakawa, masu raunin jarrabawa, da waɗanda jikinsu bai gama cika ba. Ko a manyan jami'o'in ma tallafin karatu bai taka kara ya karya ba a lokacin, domin guraben tallafi 11.7 kacal doka ta ba kowace ƙungiya, a yanyanka wa 'yan wasa har 27. Mu kuma muna da wani abin talla guda: yaron da ya shiga jami'ar shekara huɗu galibi sai ya yi shekara uku kafin ƙwararru su iya zaɓensa, namu kuwa bayan shekara ɗaya ma ana iya ɗaukarsa. A gaskiya fata muke sayarwa. Burinmu duka shi ne Grand Junction a jihar Kolorado, inda ƙungiyoyi goma suke haɗuwa ƙarshen watan Mayu don kofin ƙasa na ƙananan kwalejoji.

Shekarata ta biyu, 2011, aka sauya dokar sandunan ƙarfe, aka rage musu tsalle. Ƙwallon da da zai tsallake katanga sai ya faɗo a hannun mai tsaro. Maki ya yi wuya, mai jifa ya yi tsada. Duk kocin da yake da hannu ɗaya na kirki sai ya ɗora masa kakar gaba ɗaya. Ni ma haka na koyi yi.

Yaron da nake magana a kansa na same shi a 2014, a wani gari da rabin mutanensa suke aiki a masana'antar yanka shanu. Dogo ne siriri, ba ya son magana, amma in ya saki ƙwallo sai ka ji safa ta yi ƙara kamar an fasa bulala. Na je gidansu. Mahaifiyarsa ta dawo daga aiki ke nan, yatsunta a kumbure saboda riƙon wuƙa awa takwas a ɗakin sanyi. Turancinta kaɗan ne, shi yake fassarawa. Muka zauna a teburin kicin, na baje takardu ina ta bayani. Ba ta dubi takardun ba. Ta kama hannun ɗanta na dama ta ɗora a kan teburin, ta ce wani abu da ya ji kunyar fassarawa, sai da ta maimaita. Cewa ta yi, "Wannan hannun shi kaɗai yake da shi." Na dafa ƙirjina na ce zan riƙe shi kamar ɗan cikina. Ba wanda ya tilasta ni. Ni Bahaushe ne, na san sunan abin da na karɓa a daren nan: amana.

A shekararsa ta biyu jifansa ya kai mil 93 zuwa 94 a awa. Masu leƙen 'yan wasa daga ƙungiyoyin ƙwararru suka fara zama a bayan raga, kowa riƙe da na'urar auna gudun ƙwallo. Ana ta raɗe-raɗin za a ɗauke shi a zaɓen watan Yuni, har da kuɗin sa hannu da zai isa mahaifiyarsa ta ajiye wuƙa.

Bari in ɗan kauce, domin akwai abin da har yau yake ba ni kunya. Ranar 1 ga Nuwamba 2015 ina falo ina kallon Royals ɗina da New York Mets a wasa na biyar na kofin ƙasa. Mai jifan Mets, Matt Harvey, wanda aka yi wa aikin gwiwar hannu a 2013, ya hana mu maki zagaye takwas. Kocinsa, Terry Collins, ya yanke shawarar cire shi, Harvey ya tsaya yana musu a gaban kyamara, kocin ya sauko ya bar shi. A zagaye na tara muka farke ci biyu, muka ci 7 da 2 a zagaye na sha biyu, muka ɗauki kofi. Na yi tsalle ina dariya ina gaya wa matata, "Kin ga, koci ba ya tambayar mai jifa ko ya gaji. Wane ɗan wasa ne zai ce e?" Da bakina na faɗa. Wata shida kacal tsakanin wannan dariya da abin da na aikata.

Mayun 2016, gasar yankinmu. Tsarinta sai an ci ka sau biyu kake fita. Ranar Alhamis yaron ya yi jifa 118, muka ci. Juma'a aka ci mu, muka faɗa layin waɗanda suka sha kashi, inda dole ka yi wasa bayan wasa kana ƙone masu jifanka ɗaya bayan ɗaya. Asabar muka ci biyu da ƙyar. Lahadi ga mu a wasan ƙarshe, kuma ba ni da hannu mai lafiya ko ɗaya, sai wani ɗan shekarar farko da ƙafarsa take rawa in ya hau tudu. Tun 2014 hukumomin wasan sun fitar da shawara a rubuce cewa mai shekarun yaron nan kada ya wuce jifa 120 a yini, kuma wanda ya haura ɗari yana bukatar hutun kwana huɗu ko biyar. Shawara ce, ba doka ba ce a kanmu. Takardar tana manne a bangon ofishina, ni na manna ta.

Daren Asabar ban runtsa ba. Kwantiragina yana shekarar ƙarshe. Shugaban sashen wasanni ya taɓa ce mini cikin raha cewa kwalejin tana son ganin Kolorado kafin ya yi ritaya, kuma na san rahar manya. Wata jami'ar shekara huɗu tana neman koci, an ce sunana yana cikin jerin. Ga yara uku, ga bashin gida. A ƙarƙashin wannan duka kuma ga hoton da nake zanawa a kaina: ina buga waya Samaru ina ce wa Baba, ɗan da ka ce zai tsuguna yana cafe ƙwallo ya kai ƙungiya gasar ƙasa. Da safe yaron ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina a otel ya ce, "Koci, ba ni ƙwallon." Da na ce a'a, da ya yi fushi kwana biyu ya huce. Sai na ji daɗi da ya riga ni faɗa.

Zagaye biyar ya yi kamar aljani. Muna gaba 3 da 2. A na shida na ga abin da tsohon mai cafewa ba ya kuskure shi. Gwiwar hannunsa ta sauko ƙasa da kafaɗa. Ƙwallon yana tashi sama ta ɓangaren hannunsa. Bayan kowane jifa yana yarfa yatsu yana murza su a wando. Mataimakina ya matso ya nuna mini takarda: daga 93 ya sauko 86. Ya ce a hankali, "Koci, lokaci ya yi." Na ce bari in je in ji daga bakinsa.

Tafiyar daga benci zuwa tudu ba ta kai taku arba'in ba, amma na sake yin ta a mafarki ba adadi. Na isa na ce, "Yaya hannun?" Bai kalle ni ba, ya ce, "Lafiya ƙalau, Koci." Mai cafewarmu yana gefe, ya ɗaga sulken fuska ya dube ni, irin kallon da ni ma na sha yi wa kocina a zamanina. Na dafa kafaɗar yaron na ce ya fitar mini da mutum biyu kawai. Na juya na koma.

Jifa huɗu ya ƙara. Na huɗun, wanda shi ne na 84 a ranar, ya wuce saman kowa ya bugi raga. Bai yi ihu ba. Ya durƙusa a kan tudu ya rungume hannun a cikinsa kamar jariri. Filin ya yi tsit, har ina jin igiyar tuta tana dukan ƙarfe. Masu na'urar auna gudu suka fara zuge jakunkunansu tun kafin a fitar da shi. An ci mu 6 da 3, amma ko a lokacin ban damu da lissafin ba.

Hoton asibiti ya nuna jijiyar da take riƙe gwiwar hannu ta ciki ta tsinke. Aikin da ake yi mata sananne ne, sunan ɗan wasan da aka fara yi wa yake ɗauke da shi, Tommy John. Likita Frank Jobe ne ya yi masa a 1974, ya ciro wata jijiya daga ɗaya hannun ya huda ƙashi ya ɗinke ta a madadin wadda ta lalace. John ya dawo ya yi wasa har 1989, ya ƙara cin wasa 164. Wannan tarihin na riƙa karanta wa kaina kamar lazimi, har na karanta wa mahaifiyar a harabar asibiti: shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi zai dawo, kowa yana dawowa. Ta saurari fassarar daga bakin ƙanwarsa, ba ta ce komai ba, ta ɗauke kai. Ba kowa yake dawowa ba, kuma na sani.

Azumin shekarar ya kama ranar 6 ga Yuni, zaɓen 'yan wasa kuma aka yi shi daga 9 zuwa 11. Zagaye 40, sunaye sama da 1,200. Kwana uku ina zaune gaban kwamfuta da ƙishirwa ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, alhali na san nasa ba zai fito ba. Ranar ƙarshe da aka sha ruwa na kasa haɗiye dabino. Ya yi jinya wata goma sha biyar, ya gwada dawowa, jifansa ya tsaya a 84, hannun yana kumbura. Ya bar wasa, ya bar karatu.

Daga nan na ƙware a labari. "Na tambaye shi, ya ce lafiya." "Shi ya zo ya roƙi ƙwallon." "Jijiyar ta daɗe tana sassaƙewa tun yana sakandare." Da 'yan uwana Musulmi a masallaci kuwa kalma ɗaya ta ishe ni: ƙaddara. Kowa sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kiyaye gaba. Na yi imani da ƙaddara, amma na san bambancin wanda ya miƙa wuya gare ta da wanda ya mayar da ita bargo. Matata ce kaɗai ba ta taɓa gyaɗa kai ba. Wani dare ta tarar da ni a kicin ƙarfe uku, ta ce, "Maigida, in da gaske ba laifinka ba ne, me ya hana ka barci?" Na yi mata tsawa. Shi ne karo na farko a aurenmu.

An sabunta mini kwantiragi, abin mamaki, amma aikin ya riga ya fita daga hannuna. Na zama mai faɗa, na zama matsoraci, in cire mai jifa yana cikin ganiyarsa, in bar wani ya sha duka. Kococin sakandare kuma suna magana a tsakaninsu, yaran kirki suka daina amsa wayata. Kaka biyu a jere muka faɗi warwas. A Yunin 2018 aka kira ni ofis, minti goma, aka gode mini. Ban ga laifinsu ba. Na koma tuƙa motar kai abincin dabbobi gonaki, likita ya ɗora ni a kan maganin hawan jini ina ɗan shekara 42.

Disambar shekarar na je Zariya. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, bayan la'asar ake shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida ya zauna da rediyonsa cikin hazo. Ban yi niyyar faɗa masa ba. Ya tambaye ni me ya raba ni da aikin, na fara da tsohon labarina, tiryan-tiryan. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Ni ban san wasanku ba, har yau kuma ban ga amfaninsa ba. Amma na yi shekara arba'in da manoma. San huɗa ba ya cewa ya gaji, ja zai yi ta yi har ya faɗi a kunya. Mai garma ne yake kallon numfashinsa. Balle san aro." Ya yi shiru, ya rage muryar rediyon. "Kai wannan, da ka taka ka je ka tambaye shi, kana neman ka sani ne, ko kana neman abin da za ka faɗa daga baya?"

Ban amsa ba. Na sunkuyar da kai ina kuka a ƙofar gidanmu, ƙato da ni, yara suna wucewa daga Islamiyya suna kallo. Bai rarrashe ni ba. Ya ce, "Haƙƙin mutum ne. Istigifari ba ya ɗauke shi sai mai shi ya yafe. Ka je ka same shi tun kuna da rai ku biyu." Da daminar 2019 Allah ya yi masa rasuwa. Wayar da na shekara ashirin da biyar ina shirin buga masa ban taɓa buga ta ba.

A Yunin shekarar ne wani dattijon koci, Mike Martin na Jami'ar Jihar Filorida, ya yi ritaya bayan shekara 40 da nasara 2,029, fiye da kowa a tarihin wasan jami'o'i. Sau 17 ya kai ƙungiyarsa Omaha, bai taɓa ɗaukar kofin ba. Na kalli wasansa na ƙarshe a wata tashar mai, filin gaba ɗaya ya miƙe yana tafa masa. Na tsaya riƙe da kofin shayi ina tunanin ni kuwa saboda tafiya ɗaya zuwa Kolorado na yi abin da na yi.

Sai da kaka ta shigo na iya tattara ƙarfin hali. Awa huɗu na yi tuƙi. Yana aiki a masana'antar da mahaifiyarsa take, a sashen lodi. Na jira shi a wurin ajiye motoci lokacin canjin aiki, warin jini da taki ya cika iska. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, hannun dama ba ya miƙewa sosai. Ya gane ni daga nesa, bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Na ce masa ban zo da wani bayani ba. Na ce na ga gwiwarka ta sauko, na ga lambar, na san jijiyar tana gab, na bar ka saboda kaina. Ya jingina da motarsa ya daɗe. Ya ce, "Shekara uku ina cewa ni na kashe kaina. Ni na ƙwanƙwasa ƙofa, ni na ce lafiya." Na ce kana ɗan shekara 20, ni ina 40, aikina shi ne in ƙi yarda da kai. Ya share fuska da hularsa. Ya zage ni zagi ɗaya mai kyau, na karɓa. Sannan ya ce, "Nawa ɓangaren na bar maka, Koci, na gaji da ɗaukarsa. Amma ba ni ka yi wa alkawari ba."

Annobar korona ta zo, ranar 12 ga Maris 2020 aka soke gasannin jami'o'i na bazara har da ta Omaha, wasu jami'o'i irin su Furman da Boise State suka rufe ƙungiyoyinsu na besbol ɗungurungum. Na ɗauka ni da fili har abada. Amma a 2021 wani tsohon abokin wasana ya kira ni in riƙe masa masu jifa a wata ƙaramar kwaleji da ba ta ba da tallafin wasa ko kaɗan, inda yara suke wasa don suna so. Kafin in karɓa na ba shi labarin nan duka, kuma duk shekara ranar farko ina ba wa sababbin yara. Akwai ɗan ƙarfen ƙirga jifa a aljihuna na hagu. Ba na tambayar kowa yaya hannu. Ina zuwa ne in miƙa tafina, a sa mini ƙwallo. Wasu iyayen suna ganin na cika tsoro, wani uba ma ya rubuto mini doguwar wasiƙa bara, kuma akwai wasannin da muka rasa a kan haka.

Mahaifiyar kuwa sau uku ina zuwa. Na farko ba ta buɗe ƙofa ba, ko da yake na ga labule ya motsa. Na biyu ƙanwar ta fito ta ce ba ta nan, motarta kuma tana ajiye a gaban gida. Na uku matata ta ce za ta raka ni, ta soya cincin da dambun nama ta zuba a kwano. Matar ta buɗe, ta dubi matata, ta karɓi kwanon, ta ce mata ta gode da Turanci. Ni ba ta kalle ni ba. Ta rufe ƙofa a hankali.

Bayan wata biyu kwanon ya dawo ta gidan waya, a wanke, an naɗe shi da jarida, ba wasiƙa a ciki. Matata ta juya shi ta duba, ta ce in kakar bana ta ƙare a watan Mayu za ta sake cika shi.